Masu Yi Mana Kukan Da Muke Ɓoyewa

Jama'a, ku matso mu faɗa wa juna gaskiya a kan wani hali namu. Mu dai Allah ya yi mu da zurfin ciki. Uwa za ta haifi ɗan fari, duk duniya ba wanda take so kamarsa, amma har ya yi furfura ba za ta kira sunansa ba. Mace za ta shekara arba'in a ɗakin miji, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "maigidan" ko "Malam" ko "shi". Magidanci zai dawo daga binne abokinsa na ƙuruciya, a ce masa ya haƙuri, ya ce "da godiya", ya gyara zaman hularsa, shi ke nan. Tun muna yara ake gaya mana namiji ba ya kuka, mace kuma a ce ta bar ta ciki a ciki. Tarbiyya ce mai kyau, domin kara da kawaici su suka riƙe mana gidaje. Sai dai abin da aka danne a ƙirji yana nan inda aka bar shi, dole wata rana ya nemi mafita. Mu kuwa mafitar da muka samar masa ita ce muryar mawaƙa.

Wanda ke musu ya zagaya unguwa ya gani da idonsa. Ya fara da bencin dattawa na ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Ana tsaka da hirar tsadar taki da ta siyasa, sai rediyo ya sako kotson Musa Ɗanƙwairo. Nan take hira ta mutu. Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa, wani ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan maza." Ba wanda zai gaya maka mahaifinsa ya tuno, ko garinsu da ya baro tun yana saurayi, ko zamanin Sardauna da Ɗanƙwairo ya waƙe. In ka hango ƙwalla ka ce, "Baba, lafiya?" sai ya ce, "Ƙura ce, ɗana," ko da kuwa ana tsakiyar damina. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma har yau in ya ɗauko baiti ya sake shi, yaransa suka cafe suka ƙarasa masa, sai ka ga dattijo ya gyara zama, tsikar jikinsa ta tashi.

Da waƙar ta ƙare kuma sai musu ya ɓalle, don mu ba ma jin waƙa mu tashi ba mu yi gardama a kanta ba.

"Kawu, ni fa a wurina Shata ba a haɗa shi da kowa."

"Kai yaro ne. Ka taɓa zama ka saurari Narambaɗa da kunnen basira?"

"To Kawu, rabin abin da yake faɗa ma ba na kamawa, Sakkwatancin ya yi mini nauyi."

"Amma jikinka ya yi sanyi ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To ka ji shi ke nan."

Wannan amsa ta Kawu ita ce ma'aunin da dukanmu muke auna mawaƙi da shi, ko mun sani ko ba mu sani ba. Mun san zaƙin murya, muna kuma yaba shi. Amma akwai wanda za mu ce muryarsa da daɗi mu wuce, akwai wanda za mu ce "wannan waƙarsa shiga jiki take yi." Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi rayuwarsa yana wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, kuma Bakano ko Bazazzagin da bai taɓa taka Isa ba yana jin amana da ƙaunar ubangida a cikin muryar nan, ko da wasu kalmomin sun kuɓuce masa. Mamman Shata kuwa muryarsa a tsaye take, ba ta rawa, ba ta neman a tausaya mata. Ya tsaya gaban masu kalangu ya ƙago waƙa nan take, amshi gajere yana ta dawowa, shi kuma yana ta ɗora magana a kai har sai wanda ake wa waƙar ya rasa inda zai sa kansa. An binne shi a Daura a 1999, amma direban babbar mota da ya ɗauko kaya daga Legas, in dare ya tsala barci ya fara fizgarsa, kewar gida ta taso, har gobe Shata yake sakawa.

Mu tambayi kanmu, me suke yi da muryar nan har take kama mu haka? Harshenmu yana da hawa da sauka, yana da gaɓa doguwa da gajera. Mawaƙin da ya san aikinsa a kan doguwar gaɓar nan yake zama. Ya ja ta, ya ɗan girgiza ta, ya sauke ta a hankali har numfashinsa ya kusa ƙarewa, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci ya bar kiɗa ya yi magana. A cikin wannan shirun ne mai sauraro yake cusa tasa damuwar. Shi kansa kalangu, da makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata yana sassautawa, hawa da saukar maganarmu yake bi, shi ya sa in murya ta tsaya sai ka ji kiɗan ya ci gaba da zancen. Ga kuma 'yan amshi, waɗanda ke mayar da magana ɗaya sau da yawa har ta zauna a zuciya. Tsofaffin mawaƙanmu in suka zo lissafa mutanen kirkin da suka riga mu gidan gaskiya, za ka ji sun rage gudu, murya ta yi ƙasa, kowane suna a ba shi haƙƙinsa. A nan ne mai sauraro yake sako sunan nasa mamacin a zuci.

Wanda ya fi nuna mana cewa abin ba yawan kayan kiɗa ba ne shi ne Ɗanmaraya Jos. Adamu Wayya, haifaffen Bukuru, ya tashi ba uwa ba uba, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi. Ɗan kuntiginsa tsarkiya ɗaya gare shi, ba ya buƙatar taron 'yan amshi a bayansa. Daga shi sai muryarsa siririya mai kaifi. Amma da wannan ya waƙe karen mota, ya waƙe talaka da mai akwai, ya waƙe yarinyar da aka yi wa auren dole. Ku shiga shagon tela da daddare ana saura kwana kaɗan Salla, keke na gudu, ido ya yi ja, ku ji abin da ke tashi a 'yar rediyon da ke rataye a ƙusa. Yaron shago da aka kawo daga ƙauye koyon ɗinki, wanda bai taɓa buɗe baki ya ce yana kewar uwarsa ba, za ku ga ya bar guga a tsaye yana sauraro. Maraya ne ke magana, kuma ko ba a gaya masa ba ya gane. Ɗanmaraya ya rasu a 2015, amma bai bar shagunan telolinmu ba.

Haka in ka gangara wajen mahauta. Mutanen da ke wuni da wuƙa a hannu, waɗanda ba ka taɓa zaton akwai abin da zai karya musu zuciya ba, a sako musu Ɗan'anace yana wa Shago ɗan dambe waƙa ka ga yadda suke komawa. Waƙar dambe ce, ta zuga ce, an yi ta ne don namiji ya tsuma ya shiga fage. Amma Ɗan'anace ya cika ta da zancen mutuwa, yana tuna wa ɗan dambe cewa ko ya yi dambe ko bai yi ba kabari na jiransa. Muryar nan mai kaushi tana sa mutum ya ji ƙarfi da tsoron Allah a lokaci guda. Sai ka ji sarkin fawa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Duniya ke nan," ya ci gaba da sara.

Cikin gida kuwa, iyayenmu mata sun riga kowa sanin wannan magani. Tun kafin injin niƙa ya shigo unguwa, a kan dutsen niƙa mace take sauke abin da ke cinta. Ba za ta iya duban uwar miji ta mayar mata da magana ba, ba za ta tsaya cacar baki da kishiya a gaban yara ba, sai ta durƙusa kan dutse ta ja murya, ta zuba habaicinta cikin waƙa, kowa a gidan ya ji, ba kuma wanda zai ce ta yi rashin kunya. Haka a wajen daɓe, haka a wajen reno. Ranar kai amarya kuma ƙawaye su sa ta a tsakiya da waƙoƙin rabuwa da gida, ita tana kuka a cikin mayafi, gwaggonni suna cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, kowa da haka ta saba," alhali su ma suna share ido da bakin gyale. Uwar amarya tana can ƙuryar ɗaki, kunya ta hana ta fitowa, amma muryoyin suna iske ta har inda take.

Daga wannan tsatson Barmani Coge ta fito. 'Yar Funtuwa, da ƙwaryarta a kife a kan ruwa, da mata zagaye da ita. Muryarta ba ta lanƙwasa ba ce, a buɗe take, mai faɗi, ta macen da ta ga jiya ta ga yau. Ta yi wa mata waƙar haihuwa da ta kishi, ta yi ta kiransu su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji. Shi ya sa in aka sa amada a gidan biki za ka ga Hajiya da ke fama da ciwon gwiwa ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. Ka ce, "Inna, ƙafar fa?" ta ce, "Bar ni, ɗan nan, yau ranarmu ce." Tana rawa tana dariya, idonta kuma ya kawo ruwa, domin abin da ta haɗiye shekara da shekaru ne wata ta faɗa mata da ƙarfi a bainar jama'a. Barmani ta rasu a 2013, har yanzu mata ba su sami wadda ta cike musu gurbinta ba.

Akwai kuma muryar da ke zuwa har ƙofar gida. Wa ya tashi a garuruwanmu bai taɓa jin makaho da ɗan jagora sun tsaya a zaure suna rera Imfiraji ba? Malam Aliyu Namangi na Zariya, shi ma makaho, shi ya tsara ta, cike da wa'azi da tuna kabari da begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mace tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta tsaya cak, ta saurara har a kai aya, sannan ta ce, "Kai, zo ka miƙa wa Malam wannan." Ta ɗebo tsaba fiye da yadda ta yi niyya. Haka a watan Maulidi, in masu Ishiriniya suka ja baiti cikin dare, ko masu mandiri suka ɗauki bege, za ka ga ƙato ya rufe fuska da babbar riga kafaɗunsa suna rawa. Wannan kuka ne da ba mai jin kunyarsa, don kowa ya san shauƙin wanda ake yi.

Wani abin da ke ba baƙi mamaki game da mu shi ne yadda muka rungumi muryoyin da ba mu jin yarensu. Tun zamanin da ake cika silimun Kano irin su Plaza da Marhaba da Orion don kallon fim ɗin Indiya, muryar Lata Mangeshkar da ta Muhammad Rafi suka shiga gidajenmu suka zauna. Yayyenmu sun haddace waƙoƙin nan baƙi da wasali ba tare da sanin ma'anar kalma ɗaya ba, amma ka tambaye su, za su ce maka, "Wannan ta rabuwa ce, wannan ta maraici ce, wannan uwa ce ke neman ɗanta." Kuma in aka bincika sai a tarar sun canka. Rafi ya rasu tun 1980, amma har yau akwai mai gyaran rediyo a bakin kasuwa da ba ya fara aiki sai da muryarsa. Da labarin rasuwar Lata ya zo a Fabrairun 2022, a majalisu da yawa an yi jimami na gaske. Har masu bege a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai. Haka muka yi da waƙoƙin Sudan, waɗanda alhazai da 'yan uwanmu mazauna can suka saba mana da su. Kunnen da ya saba tsintar abin da ba a faɗa ba a cikin gida, ba wuya ya tsinto shi a muryar baƙo.

To, yaranmu na yanzu fa? Kada dattawa su yi saurin cewa sun lalace, halin nan namu ne suka gada. Da can saurayi in ya kasa furta abin da ke ransa, katin zaɓi-sonka yake saya ya aika gidan rediyon Kaduna, a gaishe da wance da waƙar Haruna Uji mai gurmi, ita kuma ta gane saƙon. Yau jikansa waƙar Nura M. Inuwa ko ta Umar M. Shareef yake tura mata a waya, ko ya ɗora a WhatsApp ya zauna yana duba ko ta gani. Ka shiga A Daidaita Sahu ka tarar matuƙin ya ƙure sauti da waƙar rabuwa, ka ce, "Ƙanena, rage mana kaɗan," ya ce, "Yi haƙuri Yaya, yau sai a hankali." Ka san an yi masa ba daidai ba a wajen zance, kuma ba zai faɗa ba. Fati Nijar ta taso daga Maraɗi ta zo Kano, muryarta ta zama ta amaren Nijar da Najeriya. A 2020, lokacin da annoba ta kulle mu a gida, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suka yi ta taka rawa a gaban mazajensu, har abin ya zama abin muhawara a gari. Aminu Ala kuma in ya ɗauko halin da ƙasa ke ciki ya rera a natse, sai ka ga ɗan jami'a da ɗan kasuwa sun yi tagumi tare.

Inda dattawa suke da gaskiya shi ne zancen na'ura. Tun da fiyano ya shigo situdiyo, aka kuma samu kwamfutar da ke gyara murya, an rage wahala, an kuma yi asara. Na'urar tana goge kaushi, tana daidaita rawar murya, tana share numfashin da mawaƙi ya ja kafin ya faɗi kalma mai nauyi. Alhali waɗannan abubuwan da ake gogewa su ne suke kama mu. Sai ka ji waƙa goma a jere ka kasa bambance wane ne wane, kamar miyar da aka cika wa sinadarin ɗanɗano aka hana ta daddawa. Shata in ya yi gyaran murya kaɗai ka san shi ne. Barmani in ta ja numfashi ka san ita ce. Yaranmu masu baiwa suna nan da yawa, kuma duk wanda ya taɓa jin ɗayansu yana rerawa da baki a gidan biki bayan wuta ta ɗauke, ya san Allah ya ba su abin da ya fi wanda na'ura ke fitarwa.

Saura laifinmu mu masu sauraro, don raha ba ta hana faɗin gaskiya. Mutumin da ya yi mana kukan da muka kasa yi, shi ne in ya aiko neman auren 'yarmu za mu ce, "Maroƙi? Allah ya kiyaye." Mu yi masa liƙi ranar biki don a gan mu, in ya kwanta ciwo ba mai leƙa shi sai an ji sanarwa a rediyo. Mu je wajen masu tura waƙa a bakin kasuwa a cika mana waya da aikin shekarunsa a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, shi ko sisi ba ta isa gare shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, Jami'ar Jos ta ba Ɗanmaraya, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da shekaru suna tattara tarihin makaɗa da mawaƙanmu. Amma mu a unguwa, kaset ɗin da mahaifinmu ya bari yana can cikin kwali a saman sif, zafi da ƙura suna cinsa, wataƙila kuma a ciki akwai waƙar da ba ta saura a ko'ina.

Don haka ga roƙona gare mu duka. Mai tsohon kaset ko faifan garmaho a gida ya fito da shi, ya nemi yaron da ya iya ya juye shi a waya da kwamfuta tun bai lalace ba, ya kuma zaunar da 'ya'yansa su ji. Mawaƙin da waƙarsa ta taɓa rage maka nauyin ƙirji, in yana raye, ka nemi hanyar da haƙƙinsa zai kai gare shi, ka gaishe shi da mutunci in kun haɗu. In ya rasu ka sa shi a addu'a. Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu masu shiga situdiyo, ku ce wa mai na'ura ya sassauta hannu, ku bar mu mu ji muryar da Allah ya ba ku da kaushinta da rawarta, ita muke nema. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara wa na raye basira, mu kuma ya ba mu ikon sanin darajarsu tun suna tsakaninmu.